Ƙaurin taya ya dawo mini da abin da na manta

Tambaya: Likita, shekarata takwas lokacin rikicin Kaduna na 2000. Na tashi ba na tuna komai sai cewa mun kwana a bariki. Watan jiya aka ƙona taya a layinmu, ƙaurin na bugun hancina sai na riƙa ganin abubuwa kamar yanzu ake yi, jikina na ɓari. Tun ranar barci ya ƙaurace mini. A gida an ce iska ce. Ko zautuwa zan yi?
Wata mai karatu, Tudun Wada

Amsa: 'Yar'uwa, sannu. Wannan ba zautuwa ba ce. Yaro idan ya firgita ƙwarai, ƙwaƙwalwarsa ba ta ajiye abin a jere kamar labari. Gutsi-gutsi take riƙewa: wari, ƙara, wani launi. Shi kuma wari hanyarsa zuwa sashen tsoro na ƙwaƙwalwa gajera ce, shi ya sa jiki ke riga tunani. Wasu ma sai 'ya'yansu sun kai shekarun da abin ya same su yake taso musu.

Kada ki shiga tono. Tunawa ba faifan bidiyo ba ce, duk sanda aka ɗauko ta ana iya yi mata ƙari ko ragi, kuma mai yawan tambayar "ba wane kika gani ba?" yana iya dasa miki abin da bai faru ba. Firgicinki gaskiya ne, amma kada ki ɗora wa kowa laifi kan hoton da ya zo miki a wannan hali.

In ya taso, dafa ƙasa da tafin ƙafa, ki faɗi sunanki da shekarar da muke ciki da ƙarfi. Lissafo abu 5 da kike gani, 4 da kike taɓawa, 3 da kike ji da kunne. Ja numfashi ki ƙirga 4, ki sake shi a hankali ki ƙirga 6. Fitarwar ce ke rage bugun zuciya. Ki riƙa ɗaura citta ko kanumfari a bakin mayafi don kore warin.

Tunda an kai wata guda, je ki Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, Kaduna. Maganin farko zama ne da masanin halayyar ɗan Adam, yawanci zama 8 zuwa 12, sau ɗaya a mako. In likita ya ƙara da ƙwaya irin sertraline, tana ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin ta kama, a nan ne mutane ke yin fushi su yar da ita. Valium na kemis kuwa barcin aro ne, jiki ya saba da shi.

Ki riƙe azkar ɗinki, amma duk ruƙiyar da ake duka ko turara hayaƙi za ta ƙara tayar miki da abin. In tunanin cutar da kanki ya zo, a kai ki asibiti a ranar.