Cikin ƙaramar tankar yaƙi ta kwaikwayo, T-55: da me zan ƙera shi?

Ɗan'uwa, ka ce ƙaramar tankarka mai ma'aunin 1/35 (wato an rage girman ta gaske sau 35) ta zo fayau ba kujera ba komai, kuma a Gusau ba mai sayar da kayan ciki. Fara da lissafi: mita ɗaya a tankar gaske kusan santimita 2.9 ce a taka. Mutum huɗu ke shiga T-55, direba yana gaba ta hagu, to can za ka kafa kujerarsa.

Robar tsohon katin layin waya tana yankuwa da reza, da ita nake yin kujeru da akwatunan harsashi. Siririyar wayar tagulla ta mataccen caja kuwa, ita ce wayoyin lantarki na jikin bangon tankar. Sufa gulu ɗigo ɗaya da tsinken sakace, in ya yi yawa sai ya bar farin tabo.

Ni dai abin da ba a hangowa ta ƙofar sama ba na wahalar da kaina a kansa. Ka shafa wa cikin tankar farin fenti kafin ka rufe ta, a ɗaki, saboda ƙurar hunturu.