Rawutata tana Turai, ni ina Garwa: yaya zan sabunta ta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da tikitin WiFi a wurare uku a nan Garwa, biyu a Yelwa, ɗaya kusa da babbar kasuwa. Kowane wuri da rawutarsa ta MikroTik, kuma dukkansu suna haɗuwa da wata CHR da ƙanena ya ɗora mini a kan VPS, wato sabar haya, ta nan nake duba su daga gida. Yanzu ya tafi karatu Ngaundare. CHR ɗin tana kan RouterOS 6, wato zubi na shida na manhajar MikroTik, abokan sana'a suna ta ce mini in koma 7. Ni kuma tsoro nake ji kada in danna ta mutu, kasuwa ta tsaya. Me zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tsoronka yana kan hanya. Ga wanda bai sani ba, CHR rawuta ce ta kamfanin MikroTik na ƙasar Latbiya wadda ba ta da jiki: manhajar ce zalla, ana ɗora ta a kan sabar haya a gajimare, wato kwamfutar wani kamfani da ake isa gare ta ta intanet. Idan rawutar shagonka ta ƙi tashi bayan mizajur, wato sabunta manhajarta, babur za ka hau ka je ka danna madannin bayanta. Wannan kuwa tana cikin wani ɗakin kwamfutoci a ƙasar da ba ka taɓa zuwa ba. Saboda haka kafin ka taɓa komai, ka tanadi hanyar komawa.

Fara da shiga shafin kamfanin da kake biya kuɗin hayar VPS. A can akwai wata taga, wasu na kiranta Console, wasu KVM ko VNC, da ke nuna maka allon na'urar kamar kana zaune a gabanta, ko da Winbox, manhajar da ake sarrafa rawutar da ita, ya ƙi shiga. Buɗe ta yau, ka tabbatar kalmar sirrinka tana aiki. In asusun da sunan ƙanenka yake kuma ba ka da makullinsa, tsaya nan, ka kira shi tukuna.

A shafin nan dai za ka ɗauki sinafshot, wato hoton dukkan faifan na'urar yadda yake a wannan lokacin. Abu ya ɓaci, ka mayar da shi, cikin mintuna ka koma jiya. Wasu kamfanonin suna karɓar ɗan kuɗi a kansa. Biya, bai kai cinikin yini ɗaya ba. Amma kada ka tsaya a kansa kaɗai. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen OVH, wani kamfanin hayar saba, a birnin Strasbourg na Faransa, kuma waɗanda ajiyarsu ke wuri ɗaya da sabarsu sun rasa duka biyun. Don haka ka buɗe Terminal a cikin Winbox ka rubuta /export file=ajiya, ka kuma yi Backup a cikin Files, ka jawo fayilolin biyu zuwa kwamfutarka. Na farkon rubutu ne da ido ke iya karantawa, za ka iya sake gina komai da shi, sai dai ba ya ɗauke da kalmomin sirrin masu shiga rawutar ko takardun shaidar VPN, wato keɓaɓɓiyar hanyar da ke haɗa shagunanka da CHR. Na biyun yana ɗauke da kusan komai, amma an yi shi ne don a mayar wa na'urar da aka ɗauke shi a kai.

Ga tambayar da ta fi kowacce, kuma ba ka faɗa mini ba: ina tikitocinka suke? In kowace rawuta tana riƙe da nata, mutuwar CHR ba za ta hana masu saye hawa intanet ba, kai ne kawai za ka daina gani daga gida. In kuwa User Manager, manhajar kula da tikitoci, ne a kan CHR yake tantance su, to ita ce zuciyar kasuwarka. Kuma a RouterOS 7 an sake rubuta User Manager gaba ɗaya, tsohon shafinsa na burauza babu shi, sai an kwashe bayanan zuwa sabon tsari. A nan na fi ganin mutane suna kuka.

In haka naka yake, shawarata kada ka ɗaga tsohuwar CHR ɗin zuwa 7 ko kaɗan. Yi hayar ƙaramin VPS na biyu na wata ɗaya, ka ɗora sabuwar CHR, wadda MikroTik ke bayar da gwajinta na kwana 60, ka gina tsarinka a kai, ka haɗa shago ɗaya ka gani. Ya yi kwana biyu lafiya, ka kwaso sauran. Lura dai, sabon VPS sabon adireshin IP ne, kuma rawutocin shagunanka tsohon suke kira. Sai ka gyara su ɗaya bayan ɗaya tun tsohuwar tana raye.

In kuma VPN kaɗai ke kan CHR ɗin, ɗaga ta a wurinta. A System, Packages, ka fara kai ta ƙarshen jerin 6, ta sake tashi, sannan ka zaɓi tashar upgrade ta kai ka 7. Yi bayan sallar asuba, kada ka yi ranar kasuwa. Kada ɗauke wutar gidanka ta dame ka, saukarwar a can take faruwa.

Ko a bar ta yadda take? A'a. Na'urar da ke fuskantar intanet dare da rana ɓarayi suna ƙwanƙwasa ƙofarta kullum. A 2018 an gano wata ɓaraka a Winbox da ta bari aka sace kalmomin sirrin rawutoci masu ɗimbin yawa, kuma waɗanda ba su sabunta ba ne suka sha wuya. Ga kuma WireGuard, wani nau'in VPN mai sauƙin saiti da sauri, a 7 kaɗai yake, sai dai dole rawutocin shagon ma su hau 7 kafin ka more shi.

TAMBAYA: Malam, daga Kusiri nake. CHR ɗina tana aiki, amma ta ƙi karɓar sabuntawa.

AMSA: Duba System, License. Lasisin CHR yana bukatar ya riƙa gaisawa da sabar MikroTik lokaci-lokaci. In kwanakin gwaji sun ƙare ba ka saya ba, ko ta daɗe ba ta iya kai wa gare su ba, za ta ci gaba da aiki amma za ta rufe ƙofar sabuntawa. Tabbatar DNS ɗinta, wato abin da ke nemo mata adireshin saba daga sunanta, yana aiki, ka danna Renew License da asusunka. In ba a taɓa saya ba, lasisin P1 mai gudun gigabit ɗaya ya ishi irin aikinku, kuma sau ɗaya ake biyansa.