Amsa: Mene ne haɗin masu zane da na'ura da kayan yaƙi?

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne kayan aikin masu fasahar bidiyo da kwamfuta daga hannun soja suka fito. Wasunsu haka ne. Intanet ta samo asali daga ARPANET, hanyar haɗa kwamfutoci wadda ma'aikatar tsaron Amurka ta kafa a 1969. GPS ɗin da ke cikin salularka ma ta sojan Amurka ce tun fil azal.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina jirgi maras matuƙi ne. Mu nan Damagaram mun san shi ta fuska biyu: ƙaramin da samari ke tashi da shi su ɗauki hawan salla a ƙofar fadar Sarki, da babban da ke tashi daga sansanin Amurkawa na Agadas kafin su tattara nasu ya nasu a 2024. Kallon ɗaya ne, daga sama, mutum ya koma ɗigo.

Wannan ɗigon ne wasu masu fasaha suka ƙi yarda da shi. A 2014, a arewa maso yammacin Pakistan, sun shimfiɗa ƙaton hoton fuskar wata yarinya a gona, don mai sarrafa jirgin daga nesa ya ga ɗan Adam ne a ƙasa. James Bridle kuwa, ɗan Ingila, inuwar jirgin yake zanawa a kan titi daidai girmansa. Ni dai na Pakistan ya fi ratsa ni. Da za a yi irinsa a Diffa, da na je kallo.