Gudun harsashi a sabon bututun bindiga: me ya sa yake ta canzawa?

Ɗan'uwa, ka ce na'urar auna gudu tana ba ka lamba daban kullum tun da ka sa sabon bututu. Hankalinka ya kwanta, haka sabon bututu yake. Cikinsa bai gama gogewa ba, shi ya sa gudun yakan riƙa ƙaruwa kaɗan-kaɗan har harbi 100 zuwa 200 kafin ya daidaita.

Ni dai ina da ɗan littafi: kwanan wata, yawan harbin da aka yi, da zafin gari, don albarushi yana ƙara ƙarfi da zafi. Ina harba 10 in ɗauki matsakaicin gudunsu, da harsasai 'yan kwali ɗaya.

Inda aka fi yin kuskure: na'urar auna gudu mai aiki da haske a ajiye ta kusan mita 3 daga bakin bindiga, in ba haka ba hucin harbin zai rikita ta. MagnetoSpeed kuma, wata irin na'urar auna gudu, da yake a jikin bututun ake ɗaura ta, tana iya karkatar da saiti. Kada ka lissafa harbin farko bayan wanke bututu, man da ya rage a ciki yana canza gudunsa.

Idan kwanson harsashi ya fara maƙalewa ko gindinsa ya baje, dakata nan take, ka kai wa ƙwararren mai gyaran bindiga ya duba.