Me ya sa Edmonton ta rabu da Gretzky yana kan ganiyarsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Musu ne ya kaure a majalisarmu ta wajen mai shayi. Ƙanena ya nuna mana wani tsohon bidiyo a waya, wani ɗan wasan hoki na ƙanƙara mai suna Wayne Gretzky yana kuka a gaban 'yan jarida ranar da kulob ɗinsa ya rabu da shi. Wasu suka ce matarsa ce ta janye shi, wasu suka ce mai kulob ne ya ci amanarsa, wani ma ya ce ai tsufa ne ya fara kama shi. Mu 'yan ƙwallo ne, ba mu san kan hoki ba. Wa ke da gaskiya? Daga mai karatu a Unguwar Sarki, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wannan musu naku ya girmi yawancin waɗanda ke zaune a bencin mai shayin, domin tun ranar 9 ga Agustan 1988, ranar da aka rabu da shi, mutanen Kanada ke yin sa.

Mai cewa tsufa ne, shi dai a sallame shi tun da wuri. Shekarun Gretzky 27 a lokacin. Ya ɗauki kofin Stanley, wanda shi ne babban kofin gasar NHL ta Kanada da Amurka, sau huɗu da Edmonton Oilers, kulob ɗin garin Edmonton na Kanada: 1984, 1985, 1987 da 1988. Na ƙarshen ko wata uku bai cika ba aka rabu da shi, kuma shi aka zaɓa gwarzon wasannin cin kofin na shekarar. Da ya koma Los Angeles Kings, a kakarsa ta farko aka sake ba shi kyautar ɗan wasan da ya fi kowa a gasar, karo na tara.

Kafin mu je ga sauran biyun, akwai abin da zai rikita mai kallon ƙwallo. A Turai kulob na sayen ɗan wasa da kuɗi, a zauna da shi a daidaita albashi, in bai yarda ba ciniki ya watse. A NHL galibi musanya ake yi: a ba ka ɗan wasa, ka ba da ɗan wasa ko damar zaɓen matasa masu tasowa, kuma kwantiraginsa na bin sa duk inda aka tura shi. To a cinikin Gretzky, Edmonton ta ba da shi tare da Marty McSorley da Mike Krushelnyski, ta karɓi Jimmy Carson da Martin Gelinas da damar zaɓen matasa a zagayen farko a 1989 da 1991 da 1993. Sai kuma tsabar kuɗi dala miliyan 15. Nan gizo ke saƙar. Sunan musanya aka sa masa, amma sayarwa aka yi.

Mai kulob ɗin, Peter Pocklington, ɗan kasuwa ne mai harkoki da yawa, ciki har da kamfanin sarrafa nama na Gainers wanda ma'aikatansa suka yi mummunan yajin aiki a 1986. Harkokinsa na neman kuɗi, ga Edmonton ƙaramin gari idan aka kwatanta da biranen Amurka, ga albashin 'yan wasa na shirin tashi. Kwantiragin Gretzky kuma ya doshi ƙarewa cikin 'yan shekaru, kuma in ya ƙare yana iya tafiya kulob bai samu abin kirki ba. Ka je Zango a Tudun Wada saura kwana uku Babbar Sallah, ka dubi dillalin da ke riƙe da ƙosasshen rago. Ya san ragon nan bai da na biyu a kasuwa, ya kuma san in aka sauko daga Idi kuɗinsa ya karye. Da wannan idon Pocklington ya kalli mutumin da garin ke yi wa kallon ɗan gida. A can ɓangaren kuma ga Bruce McNall, sabon mai Kings, yana neman sunan da zai cika masa kujeru a garin da ba a san sanyin ƙanƙara ba. Mai son sayarwa ya gamu da mai son saye.

Maganar mata fa? Gretzky ya auri 'yar fim Ba'amurkiya, Janet Jones, ranar 16 ga Yulin 1988 a Edmonton, aka yi cinikin bayan sati uku da 'yan kwanaki. Kowa ya san yadda irin wannan ke kasancewa ko a nan gida: da zarar ango ya canza unguwa, dangi sun samu wadda za su ɗora wa. Amma maganar sayar da shi ta riga ɗaurin aure. Sa'o'i kaɗan bayan cin kofin 1988 mahaifinsa Walter ya shaida masa cewa kulob na neman kai da shi. A ganina an zalunci baiwar Allah nan, don ita ce bare a garin, kuma jifan bare ya fi sauƙi.

Sai dai kada a mai da Gretzky rago na gaske wanda aka ja da igiya. Da ya tabbata an sa shi a kasuwa, ya shiga cinikin da kansa. Shi ya nemi a haɗa masa da McSorley da Krushelnyski. McSorley kuwa ƙato ne mai dambe, domin a hokin ƙanƙara, ba kamar na ciyawa da muka sani a nan ba, ana cire safar hannu a ba hammata iska, alƙali ya kori masu damben na minti biyar a ci gaba da wasa, kuma a wancan zamanin kowane tauraro na son mai tsare masa baya. Har ana dab da fita gaban 'yan jarida, kocinsa Glen Sather, wanda da ma bai so cinikin ba, ya ba shi damar a fasa. Ya ce a ci gaba da ciniki. Kukan da kuka gani a bidiyon na mutumin da ya yarda ya tafi ne bayan ya gane maigida ya riga ya yi masa kuɗi.

Mutanen Kanada kam sun fusata. An ƙona mutum-mutumin Pocklington a Edmonton, wani ɗan majalisar tarayya mai suna Nelson Riis ma ya nemi gwamnati ta hana cinikin.

Abin da ke hana musun mutuwa shi ne abin da ya biyo baya, don kowane ɓangare na da hujjar ɗagawa. A 1989 Gretzky da Kings suka fitar da Edmonton a zagayen farko na wasannin cin kofi. A 1990 Edmonton ta ɗauki kofin ba shi, Mark Messier na kyaftin. Carson ya ci ƙwallo 49 a kakarsa ta farko a Edmonton amma zaman bai yi masa daɗi ba, aka tura shi Detroit, aka karɓo Adam Graves da Joe Murphy da Petr Klima, waɗanda duk suka taka rawa a kofin 1990. Gretzky kuwa ya kai Kings wasan ƙarshe a 1993, Montreal ta doke su, bai sake ɗaga kofin ba har ya yi ritaya a 1999. McNall ma daga baya kurkuku ya shiga kan damfarar bankuna.

Don haka a majalisarku, mai cewa kuɗin mai kulob ne ya fi kowa kusa da gaskiya, sauran su saya masa shayi mai kauri. In kuma masu kare Pocklington suka kawo kofin 1990, a tuna musu cewa shi ma Messier ya bar garin a 1991, kuma zuwan Gretzky Los Angeles ne ya taimaka wajen buɗe kasuwar hoki a jihohin Amurka masu zafi. Ɗaya daga cikin kulob ɗin da aka kafa a wannan guguwar, Florida Panthers ta 1993, ita ce ta doke Edmonton a wasan ƙarshe a 2024, ta kuma maimaita a 2025.