Me Ya Haɗa Fatar Akuyarmu da Dala? Amsar Baduku ga Yaronsa

Ɗana, tambayar da ka yi mini ranar Alhamis bayan dawowarka daga kasuwar Ƙofar Wambai ta nan Kano ban amsa ta nan take ba, domin akwai masu ciniki a bakin rumfa, kuma maganar ba ta tsaye ba ce. Cewa ka yi: "Baba, akuyar nan a ƙauyukanmu aka kiwata ta, a nan aka yanka ta aka feɗe, a nan aka jeme fatar, to me ya sa mai fata yake ce mini dala ta tashi? Kuma tunda takalmin Chaina ya fi namu araha, ba gara in koma sayar da shi ba?" Na ji daɗin tambayar, domin wanda bai fara damuwa da inda farashi yake fitowa ba bai isa a bar masa rumfa ba tukuna.

Sana'ar nan tamu ba jiya ta fara hulɗa da ƙasashen nesa ba. Tun zamanin ayari, jar fatar akuyar Sakkwato da ta Maraɗi, wadda aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi, raƙuma ke ɗaukarta su keta Sahara har Tarabulus, wata kuma ta ɓulle Maroko. Turawan da suka saye ta a bakin teku ba su san asalinta ba, sai suka raɗa mata sunan fatar Maroko, suka riƙa yi wa littattafansu masu daraja bango da ita. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ya shigo Kano a 1851, ya lissafa takalma da jemammun fatu a cikin manyan kayan da birnin ke fitarwa. Abin lura shi ne, kayan da kakanninmu ke aikawa aikin hannunsu ne, ko gamammen takalmi ko fatar da aka jeme aka rina. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, sai hanyar fatauci ta juya daga arewa ta koma kudu zuwa bakin ruwa, kamfanonin Turawa kuma suka fi son ɗanyar fata busasshiya domin su sarrafa a can. Tun daga lokacin muka fara sayar da abin da ba a gama ba, muna sayen wanda aka gama.

Yanzu ga amsar tambayarka ta farko. Akuya ba ta san dala ba, amma mai sayen fatarta mafi ƙarfi ya san ta. Manyan masana'antun jima da ke Challawa da Sharaɗa suna jeme fatun awaki da tumaki da sinadarin zamani, su fitar da su zuwa ƙasashe irin su Italiya da Sifaniya da Chaina, kuma da dala ko yuro ake biyan su. Idan naira ta faɗi, dala ɗayan da mai kamfani ya samo tana zame masa nairori fiye da da, saboda haka yana iya ƙara wa dillalansa kuɗi su bazama mahauta da kasuwannin ƙauye, musamman bayan Babbar Sallah, su kwashe fatu masu kyau. Majemin gargajiya da muke saye a hannunsa ba shi da zaɓi: ko ya biya abin da dillalin kamfani ya biya, ko ya koma gida da fatar da wuƙar mai fiɗa ta huda da wadda ƙazuwa ta ɓata. Shi ya sa kake ganin muna shimfiɗa fata a rana muna ɗaga ta sama muna duba ramuka kafin mu taya. Fatar da ke shigowa daga Nijar kuwa da sefa ake lissafinta, sefa kuma a ɗaure take da yuro, don haka ita ma tsadarta daga waje take zuwa. Ƙirgin saniya yana da nasa abokin gasar daban, wato masu ganda, waɗanda ke sayensa don tukunya.

Wannan igiyar tana ja gaba, tana kuma ja baya. A 2020, da annobar korona ta sa aka rufe masana'antu da kantuna a Turai, oda ta ragu, masu tara fata suka shiga damuwa, alhali babu abin da ya canza a jikin awakinmu. Farashin kayan aikinka yana iya hawa ko sauka saboda abin da ya faru a garin da ba ka taɓa jin sunansa ba.

To, ka ɗauki takalmin da ka gama jiya ka juya shi a hannunka, ka ƙirga abin da yake namu a jikinsa. Fatar sama tamu ce, gumin ma namu ne. Amma gam ɗin da ka shafa, da zaren da ka ɗinka da shi, da ƙarfen maɗauri, da fentin gefe, da allurar keke, da keken kansa, yawancinsu a kwantena suka zo, ko kuwa sinadarin da aka yi su da shi ne ya zo a kwantena. Wanda ya shigo da su sai da ya nemi dala, ya biya kuɗin jirgin ruwa, ya biya kwastan, ya biya motar da ta ɗauko daga Legas. A farkon shekarun 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja a farashin gwamnati. Aka karya ta a 1986 ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na zamanin Janar Babangida. A watan Yunin 2023 aka sake ta ta nemi farashinta a kasuwa: daga wajen naira 460 a kan dala ɗaya, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ga kuma cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wanda ya taɓa kuɗin mota da na janareta. Duk wannan yana cikin takalmin da ke hannunka, ko da ba ka taɓa taka Wapa, kasuwar 'yan canjin kuɗi, ba.

A nan ne na yi kuskuren da nake so ka guje wa. A ƙarshen 2023 wani mai kanti ya ba ni odar takalma masu yawa, muka yanke farashi a kan kuɗin kayan aiki na wannan makon, ya ba ni kafin alƙalami kaɗan, na yarda saboda sabo. Ban sayi kayan aikin gaba ɗaya ba, sai na riƙa saye kashi-kashi kamar yadda na saba. Kafin in kai rabin aikin, gam da tafin takalmi sun yi tashin da ban taɓa gani ba. Na cika alkawari, domin alkawari kaya ne, amma da na zauna na yi lissafi sai na tarar na yi wata biyu ina aiki kyauta, har na taɓa uwar kuɗi. Laifin ba na mai kantin ba ne, nawa ne, domin na yi lissafin zamanin da farashi ke kwana inda ya wuni. Tun daga ranar, idan na karɓi babbar oda, kafin alƙalamin dole ya isa sayen dukkan kayan aiki, kuma a ranar nake saye. Idan zan sa wa kaya kuɗi, ba na tambayar nawa na sayi fatar, sai dai nawa zan sayi madadinta yau. Mai sayar da takalmi a kan tsohon farashin fata yana ganin kuɗi a aljihu yana murna, sai ya je kasuwa ya tarar ba su sayen rabin abin da ya sayar.

Sai batun takalmin Chaina. Chaina ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a watan Disambar 2001, kuma a shekarun da suka biyo baya 'yan kasuwarmu suka koyi hanyar Guangzhou, kayan can suka cika kasuwanninmu. Ba na zagin wannan takalmin, domin mai 'ya'ya bakwai da zai yi musu takalmin Sallah yana da hujjarsa, kuma wanda ke sayar da shi halal yake nema. Amma ka fahimci dalilin araharsa. Injina ne ke fitar da dubbai a rana ɗaya da wutar da ba ta yankewa, kuma galibin masu arahar ba fata ba ce, leda ce da aka manna a kan ƙyalle aka yi mata zanen fata. Ka tuna ranar da na kusantar da ashana ga gefen guda biyu: ledar ta narke ta dunƙule tana warin roba, fatar kuwa ta yi ƙaurin gashi ba ta narke ba. Idan ka ce za ka yi gasar araha da injin, ka sha kaye tun kafin ka zare basilla, kuma hanya ɗaya ce za ta rage maka, wato ka rage kyan aiki. Na ga dukawa da dama sun bi wannan hanyar, suka koma leda da gam zalla babu ɗinki, suka rasa masu neman inganci, ba su kuma kamo masu neman araha ba, domin a can ma masu takalmin Aba da ke kasuwar Ariaria sun riga su.

Idan ka koma sayar da kayan kwantena, ba ka tsere wa dala ba, ka ƙara shiga hannunta ne, domin dukkan jarinka zai zama abin da ake saye da ita. Ka kuma tuna yadda aka rufe iyakokin ƙasa daga watan Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da yadda aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023: mai dogaro da kayan da ke ƙetare iyaka, sanarwa ɗaya a rediyo tana iya tsayar da shi. Kai kuwa kana da abin da injin Guangzhou ba shi da shi. Kana iya auna ƙafar dattijon da yatsansa ya karkace ka yi masa takalmin da ba zai ci shi ba. Kana iya gyara abin da ka ɗinka bayan shekara uku. Kayan doki na hawan Sallah, da kuben takobi, da gafaka, da alabe, da tim-tim mai ado, duk suna bukatar wanda ya san yadda mutanenmu ke son su. Wannan kasuwar ba ta kai ta roba faɗi ba, amma mai sayenta yana dawowa, yana kuma kawo ɗan'uwansa.

Hanyar da ta kawo mana gasa ita ce kuma ta buɗe mana ƙofa, kuma a nan kai ka fi ni. Da wayar da ke hannunka kana iya nuna jakar da muka ɗinka a WhatsApp ko Instagram, wani a Abuja ko Yamai ko Landan ya gani ya turo kuɗi. Sai dai mai saye daga nesa ba ya yafe abin da maƙwabci ke yafewa. Idan ya ce jaka hamsin, so yake ta farko da ta ƙarshe su zama awo ɗaya da launi ɗaya, ba tare da warin jima ba, kuma a busar da su sosai don kada su yi fumfuna a hanya. Tun 2015 Tarayyar Turai ta taƙaita wani nau'in sinadarin kurom mai cutar da fatar mutum a kayan fata da ake sayarwa a can, jimar bagaruwa kuwa ba ta amfani da kurom, saboda haka abin da wasu ke raina wa majemanmu ya zama abin da za ka faɗa wa mai saye da bakinka. Idan cinikin ya girma har ya kai fitar da kaya da yawa, akwai rajistar da ake yi da hukumar bunƙasa fitar da kayayyaki ta ƙasa, kuma gara ka yi ta da wuri.

Ranar Asabar za ka koma Ƙofar Wambai da littafi da biro. Ka rubuta farashin fata mai daraja ta ɗaya da ta biyu, da gam, da zare, da tafin takalmi, da maɗauri, ka tambayi nawa dala take a ranar ka rubuta a gefe. Haka za ka riƙa yi duk mako har wata uku. Bayan nan mu zauna, ka fitar mini da kuɗin takalmin maza ƙafa ɗaya da kanka, ka sa ladan aikinka a ciki, ni kuma in duba lissafin kafin mu faɗa wa masu saye.