Talla a manhajar gidan talabijin: masu kallon nan a wane gari suke?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon kayan sola a Sabon Garin Zariya, ina sayar da faranti da batir da inbata. Wani wakilin talla na wani gidan talabijin ya same ni ya ce yanzu mutane a waya suke kallon shirye-shiryensu duk lokacin da suka ga dama, don haka in kawo kuɗi a sa tallata a manhajarsu, za a kalle ta sau dubu ɗari. Mene ne bambancin wannan da tallar talabijin da muka saba, kuma zai amfani mai shago irina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Wakilin bai yi ƙarya ba da ya ce kallo ya koma waya, amma rabin zancen ya gaya maka. Rabin da ya rage shi ne, waɗanda za su yi kallon nan sau dubu ɗari a ina suke zaune? Kai batir kake sayarwa, kaya mai nauyi wanda sai an ɗauko shi a mota an je gida an haɗa. Bahaushen da ya ga tallarka a Jidda ko Legas ko Yamai ba zai zo Sabon Gari ba, alhali kuɗin kallon da ya yi daga aljihunka zai fita.

A tallar da muka saba, lokaci kake saya: daƙiƙa talatin a tsakiyar shirin ƙarfe takwas na dare. Duk wanda ya kunna akwati a lokacin zai gani, wanda aka ɗauke wa wuta a Tudun Wada kuwa ya rasa ke nan, kuma babu mai iya gaya maka takamaiman mutum nawa suka gani. A manhaja abin ya sha bamban. Shirin yana ajiye a rumbun gidan talabijin, kowa ya buɗe sa'ad da ya so. Da zarar mutum ya danna, wata kwamfuta daban ce take zaɓo tallar da za a nuna masa a wannan lokacin. Maƙwabta biyu a Gyallesu za su iya kallon shiri ɗaya, wannan ya ga tallar sabulu, wancan ya ga ta banki. Shi ya sa a nan yawan nunawa ake sayarwa, ana yanka farashi a kan kowane dubu. Idan ka ga an rubuta CPM a takardar farashi, wannan ake nufi. Galibi tallar tana zuwa ne kafin shirin ko a tsakiyarsa, kuma sau da yawa ba a iya tsallake ta, shi ya sa ta fi tallar da ake wucewa da yatsa a Facebook tsada.

Inda wannan kasuwa ta kankama sosai shi ne Ingila. Tashar talabijin ta ITV ta buɗe manhajarta ITVX a Disambar 2022, tashar Channel 4 ma tana da tata. Kafin ka yi kallo sai ka yi rajista, ka ba da bayanai irin su shekarunka da lambar yankin da kake zaune, don haka mai talla yana iya cewa a nuna wa mutanen yanki kaza kawai. Suna kuma da Barb, wadda aikinta auna yawan masu kallo, ba gidan da ya sayar da tallar ne kaɗai ke faɗin adadi ba. Manhajar BBC, wato iPlayer, kuwa ba ta sa talla a can, domin da kuɗin lasisin talabijin ake tafiyar da ita. Waɗannan abubuwa biyu, sanin inda mai kallo yake da kuma mai auna kallo na daban, su ne suka sa tallar ta yi daraja a can. Su ne kuma suka yi mana ƙaranci a nan.

A Nijeriya yawancin kallon bayan an gama watsa shiri a YouTube ake yin sa. Channels, TVC, Arise, NTA da Trust TV duk suna zuba shirye-shiryensu a can. Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, tana da manhajarta kuma tana YouTube. Saboda haka abu na farko da za ka tambayi wakilin shi ne a ina ainihi tallar za ta fito. Idan a shafinsu na YouTube ne, to tallar da ke faɗowa kafin bidiyo galibi Google ke sayar da ita, kuma kai da kanka, ko wani yaro da ya iya Google Ads, wato shafin sayen talla na Google, za ku iya sayen ta, ku zaɓi tashar da kuke so da yankin da kuke so, ku tsayar da abin da za a kashe a kullum. Idan kuwa a manhajarsu ta kansu ce, ka nemi ya buɗe maka lissafin masu kallo na watan jiya a gabanka, jiha-jiha, gari-gari.

A nan ne za ka ga inda gizo ke saƙar. Manhaja tana gane wurin mutum ne ta ɗaya daga hanyoyi uku: abin da ya rubuta lokacin rajista, izinin da ya ba wayarsa ta faɗi inda yake, ko adireshin intanet da layinsa ya ba shi. Na ukun nan shi ne ya fi yawa, shi ne kuma ya fi rauni, domin mutum yana zaune a Samaru da datar waya sai na'ura ta ɗauka yana Legas ko Abuja ko Kano. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ba ta yarda kamfani ya yi ta tattara bayanan mutane yana amfani da su yadda ya ga dama ba. To idan wakilin ya ce za su ware maka mutanen Zariya zalla, ka tambaye shi ta wace hanya. Idan ya fara kame-kame, ka samu amsarka.

Mu yi lissafi da misali, ba farashin kowa na ambata ba. A ce ka biya naira 300,000 don nunawa 100,000. Kowane dubu ya tashi a kan naira 3,000, ka ga kamar da sauƙi. Amma a ce ɗaya cikin ashirin ne kawai na masu kallon ke Zariya da kewaye, Giwa, Soba, Maƙarfi da sauransu. Nunawa 5,000 ke nan suka faɗa a kan wanda zai iya zuwa shagonka, kowane dubu ya koma naira 60,000. Kuma nunawa daban, mutum daban. Idan kowa ya ga tallar sau biyar, mutum 1,000 ka kai wa saƙo. Shi ya sa nake matsa wa masu talla su nemi a ƙayyade sau nawa mutum ɗaya zai gani a mako. Tallar da ta dawo sau shida a shiri guda haushi take jawo wa mai ita.

Akwai kuma wani abu namu da ba za ka same shi a takardar wakili ba. Tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin farashi na kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, data ta ƙara tsada, kuma da ma mutane da yawa ba kai tsaye suke kallo ba. Mutum ɗaya zai sauke shirin da datar dare, ko a je wurin 'yan dawunlodin a kasuwa a tura a memori, daga nan ya yi ta yawo ta Xender daga waya zuwa waya. Tallar da kwamfuta ke sakawa a lokacin kallo ba ta bin irin wannan bidiyo. Wadda ke binsa ita ce wadda aka ɗinka a jikin shirin, irin su "wannan shiri ya zo muku ne da tallafin wane", ko tambarin shago a gefen allo. Ita ba a iya ƙirga ta, wani lokacin ma masu turawa sukan yanke ta, amma takan kai lungunan da ɗayar ba ta zuwa. Ga mai shago a Zariya, wannan abin dubawa ne sosai.

Kada ka manta da ɓangaren doka. Hukumar ARCON, wadda ta maye gurbin APCON a 2022, ita ke tantance talla kafin a fitar da ita, har da ta intanet, kuma tun Oktobar 2022 ta hana amfani da fuskoki da muryoyin baƙi 'yan ƙasar waje a tallar da ake yi wa 'yan Nijeriya. Ku daddale tun farko wa zai nemo takardar amincewa, wa zai biya. Kada kuma ka bari a rubuta maka cewa batirinka zai yi shekara kaza in ba ka da takardar garanti da ta ce haka.

Shawarata, idan cinikinka bai wuce Zariya da ƙauyukanta ba, kada ka zuba babban kuɗi a manhajar da masu kallonta suka bazu daga Sakkwato har Kamaru. Rediyon da ake ji a yankinka da tallar Facebook ko YouTube da aka taƙaita wa yanki za su fi yi maka aiki. Idan kuwa kana aika kaya Kaduna, Kano, Funtuwa da Gusau, kuma kana da masu haɗawa a can, lissafin ya canza, gwajin ya cancanta, musamman a Maris da Afrilu lokacin da zafi ke tura mutane neman fanka da firji. Ka fara da ɗan kuɗi na mako biyu ko uku. Tallar kada ta wuce daƙiƙa 15, da Hausa, sunan shago da inda yake su fito tun farko, lambar waya da manyan lambobi domin allon waya ƙarami ne. Ka ware sabon layi don wannan tallar kaɗai, ta haka duk kiran da ya shigo ka san daga inda ya zo. A takardar yarjejeniya kuma a rubuta yawan nunawa, garuruwan da za a nuna, iyakar maimaitawa, ranar da za a ba ka rahoto, da abin da za a mayar maka idan adadin bai cika ba.